Golan da Ya Sha Fura a Tsafe

Yanzu idan na wuce gidan kallon ƙwallo da ke bakin layinmu, nakan ji samari suna musu a kan wani ɗan wasan Turai da ya tsaya gaban 'yan jarida ya caccaki shugabannin ƙungiyarsa. Sai ka ji suna cewa ai wannan namiji ne, ba ya tsoron kowa. Ni ba na saurin yarda. Mutumin da ke da lauya da wakili, ga wata ƙungiya tana jiransa a bakin ƙofa, idan ya buɗe baki nakan tambayi kaina wa ya tsara masa abin da zai faɗa. A zamaninmu ɗan ƙwallon da ya faɗa wa manya ra'ayinsa ba shi da wurin komawa sai gidan ubansa. Mu 'yan kallo kuma, ko da maganarsa ta yi mana daɗi har cikin rai, tambayar da muke fara yi wa juna ita ce, wa ya tsaya masa?

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun saba'in, wajen lokacin da aka raba Jihar Arewa maso Yamma. Ina saurayi a Gusau, ina sayen fata da ƙirgi. Wannan sana'a ce ta sa na ratsa rugage daga Bungudu har bayan Tsafe, a nan kuma na iya Fillanci, tun kafin in fita ƙasashen waje in tsinci wasu harsunan.

Ƙungiyarmu ta Sabon Gari ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta kamfani ba. Ta wani Alhaji ce mai motocin dako. Shi ke sayen takalma da ƙwallo, shi ke ba da babbar mota mai bodin katako idan za a fita wasa, don haka shi ke cewa wane zai buga, wane zai zauna. Akwai wani malamin makaranta da ake kira koci, amma aikinsa bai wuce hura usur a wurin motsa jiki ba.

Muna da doka ta fita, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba amma kowa ya san ta. Idan aka je wani gari wasa, ba a cin abincinsu, ba a shan ruwansu, ba a karɓar goro daga hannun wanda ba a sani ba. Ba a shiga fili ta ƙofa, sai dai a zagaya a haura zana, don an yi imani cewa masu gida sun binne wani abu a bakin ƙofar. Dokar ta hau kan 'yan wasa da magoya baya baki ɗaya. Ruwa kuwa daga Gusau ake ɗaukarsa a garwa, a daure bakin da tsumma. Mu ma idan baƙi sun zo mana haka suke yi, ba ma jin haushi. Da sun sha ruwanmu ma da mun raina su.

Mai gadin garwar wani tela ne, Bayarabe Kirista, haifaffen Sabon Gari, wanda Hausar Zamfara ta fi zama a bakinsa fiye da Yarabanci. Shi ke ɗinka rigunan 'yan wasa. Ranar Lahadi da safe yana coci yana waƙa, da rana kuma babu wanda ya kai shi tsananin bin dokar fita. Idan aka tsokane shi aka ce, "Tela, fastonku ya san kana wannan aiki?" sai ya ce, "Fasto bai taɓa zuwa Ƙauran Namoda wasa ba. Ni na san abin da idona ya gani."

Sai kuma mai tsaron ragarmu, wanda kowa ke kira Gola kawai. Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Rawayya, dogo, mai dogayen hannaye kamar an ƙara masa. Ya shigo Gusau aikin gurzar auduga, aka gan shi yana kama ƙwallo a filin makaranta, aka jawo shi. Ba shi da yawan magana. Matsalarsa ita ce, idan aka yi tambaya yakan ɗauka ana son amsa.

Akwai wata al'ada ta Alhaji. Yakan zo wurin motsa jiki a ƙaramar motarsa, ya tara yara, ya yi jawabi, ya rufe da cewa, "Akwai mai magana?" Kowa ya san wannan ba tambaya ba ce, alama ce ta a watse. Wata rana da ya faɗi haka, sai Gola ya ɗaga hannu.

"Alhaji, ina da magana. Ɗanka shina tsoron ƙwallo. In anka buga da ƙarhi sai shi juya mata baya, ni ka kwasa."

Ɗan da yake nufi ɗan ƙanwar Alhaji ne, wanda ke buga baya. Duk garin mun san yana juya wa ƙwallo baya. Mun sha faɗa a teburin mai shayi, amma babu wanda ya taɓa faɗa inda Alhaji zai ji. An ce Alhaji ya yi dariya ya ce, "Fulani ke nan," ya shiga motarsa. Bai cire ɗan ƙanwar tasa ba, bai kuma kori Gola ba, don ba mu da wani golan.

Kafin magariba labari ya game Sabon Gari. Na tuna yadda fuskokin mutane suka yi a teburin mai shayi. Kowa ya ji daɗi, kowa kuma ya rage murya. Wani ya ce ai wani attajiri ne da ke takara da Alhaji a harkar motoci ya zuga shi. Wani ya ce Fulanin daji ba sa shigowa gari hannu sake, akwai abin da aka ba shi ya sa a ƙarƙashin harshe. Babu wanda ya kawo cewa wataƙila ya faɗa ne don gaskiya ce. Amma daga ranar, idan ya zo wucewa, masu zama a benci sukan matsa su ba shi wuri, mai shayi kuma yakan ƙara masa madara ba tare da an ce ya ƙara ba. Irin girmamawarmu ke nan. Mukan matsa wa mutum a benci, mu kuma sa masa ido.

Wasan Tsafe ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafi ke sa mutum ya ƙi jinin rigar jikinsa. Muka cika motar Alhaji, 'yan wasa a gaba, mu a baya, Tela ya zauna a kan garwa kamar mai gadin banki. Kafin mu wuce dutsen Kwatarkwashi ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Da muka isa filin makarantar da za a yi wasan, muka zagaya ta baya muka haura zana ɗaya bayan ɗaya. Gola ma ya haura. Kullum yakan yi gunaguni ya ce shi ba ɓarawo ba ne, amma yakan haura.

'Yan wasa na ɗaure takalma a inuwar wata bishiyar bedi, sai ga wata tsohuwar Bafulatana ta shigo ta ƙofa da ƙwarya a ka, an rufe da faifai. Ba ta dubi kowa ba, ta nufo inda muke kai tsaye. Tela ya yi tsalle ya tare ta.

"Kai, kai, kai! Inna, tsaya nan! Wa ya aiko ki?"

Ba ta ko kalle shi ba. Ta leƙa ta gefen kafaɗarsa ta kira wani suna da ba mu taɓa ji ba. Sai muka ga Gola ya miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa, ya zo ya durƙusa a gabanta.

Ina kusa, kuma da Fillanci suka yi magana, don haka na ji komai. Gwaggonsa ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda aka aurar a wata ruga bayan Tsafe. Ta ce ya rame, birni ba ya ciyar da mutum. Ta tambayi mahaifinsa da shanu. Ta sauke ƙwaryar ta buɗe, fura ce damammiya da nono, har da man shanu yana yawo a kai. Ya tambaye ta yadda ta san zai zo. Ta ce wani mutum ne a kasuwa, ɗan gari mai agogo a hannu, ya tsaya inda take sayar da nono ya ce mata ɗan wanta zai zo ranar kaza, kuma mutanensu ba sa ba su komai sai ruwan ɗumi. Ta ce mutumin kirki ne, har ƙullin sukari ya ba ta ya ce ta zuba masa.

"Kin zuba?" in ji Gola.

"Na zuba mana."

Na ga hannunsa ya tsaya a kan ludayi. Bai daɗe ba, amma ya tsaya. Wannan da idona na gani.

Alhaji ya ƙaraso, babbar rigarsa na jan ƙasa.

"Gola, aje ludayin nan."

"Alhaji, gwaggona ce. Ita ta goye ni sa'adda uwata ta kwanta ciwo. Tun da hantsi take tahiya da ƙwaryar ga bisa kai."

"To ka sha in an tashi."

"In na ce mata sai an tashi, ta san mi nika nuhi."

"Ka san doka."

"Na sani. Na haura zana kamar kowa. Amma dokar da za ta sa in ce ma gwaggona ina tsoron hannunta, wagga ban bin ta."

Tela ya sa baki. "Ɗan'uwa, don Allah, don Annabinku. Ga ruwa nan na kawo."

"Tela, ruwanka ko akuya ba ta sha."

Wasu suka yi dariya suka haɗiye ta. Gola ya yi bisimilla ya sha. Ya sha sosai, ba shan kunya ba. Da ya ƙoshi ya miƙa ludayin ga sauran 'yan wasa, kowa ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ya riga ya ɗaure. Tsohuwar ta kwashe ƙwaryarta ta koma gindin zana ta zauna, don ta ga abin da ɗan wanta ke yi a birni da ya hana shi kiwo. A can ɗaya gefen filin kuwa, samarin Tsafe sun yi cirko-cirko suna kallonmu, wasu na murmushi.

A rabin farko Gola ya kama ƙwallaye da ban san yadda ya kai gare su ba. Amma mu da ke waje ba kamun muke kallo ba, shi muke kallo. Idan ya share gumi sai a ce ga shi nan ta fara aiki. Idan ya tsuguna sai a ce cikinsa ne. 'Yan bayanmu ma suka daina mayar masa da ƙwallo, kowa sai ya doka ta waje.

Bayan an dawo hutu, ɗan wasan Tsafe mai buga gefe ya ɗago wata ƙwallo sama, irin wadda Gola ke ɗauka kamar ana miƙa masa tuwo. Muka ji ya yi ihu, "Bari! Tawa ce!" Ɗan ƙanwar Alhaji, wanda bai taɓa sa kansa a ƙwallo da son ransa ba, ranar ya yi tsalle ya sa kai. Ƙwallo ta goge ƙeyarsa, ta tsallake hannun Gola, ta faɗa raga. Da wannan ci ɗaya aka tashi.

Na daɗe ina juya wannan ƙwallo a raina. Wani lokaci nakan ga yaron ne ya ƙi yarda da golansa ya shiga inda ba a kira shi ba. Wani lokaci kuma nakan ga kamar Gola ya yi jinkirin fitowa, irin jinkirin da ba halinsa ba. Ina tsaye a wuri guda na ga abu guda, amma ya danganta da ranar da na tuna.

A mota muna komawa, babu wanda ya zauna kusa da shi. Mota cike, mutane na hawa kan juna, amma gefensa akwai wurin mutum biyu.

Kashegari bayan la'asar aka kira taro a zauren Alhaji. Aka aiko a kira ni, don an ga ina tsaye kusa kuma an san ina jin Fillanci. Alhaji ya ce in faɗi abin da tsohuwar ta ce, kada in rage kada in ƙara. Na faɗa duka, har da mai agogo, har da sukari. Da na kai kan sukarin sai zauren ya ɗauki salati. Tela ya dafe kai. Na dubi Gola ina tsammanin zai harare ni, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka anka yi."

"To ka ji," in ji Alhaji. "Ka san da sukarin, ka sha."

"Na sani, na sha."

Alhaji ya ce abu biyu ake so. Na farko, ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa bai haɗa baki da mutanen Tsafe ba. Na biyu, malamin tsibbun ƙungiya zai haɗa ruwa ya yi wanka da shi kafin ya sake taɓa rigar wasa, don a karya abin da aka ba shi.

"Rantsuwa zan yi," in ji Gola, "in kowa zai yi. Har wanda ya sa kai bayan na ce a bari."

Ɗan ƙanwar Alhaji ya zabura, aka zaunar da shi.

"Wankan fa?" in ji koci, a hankali, don yana so a daidaita. "Wanka ne kawai, Gola. Ruwa ne. Ka yi a wuce wurin."

"Malam, kai ka yi karatu. In na yi wankan ga, mi na ce? Na ce gwaggona ta ɗauko magani ta ba ni. Gobe a Rawayya za a ji, jibi a rugarsu. Ni in koma raga in tsaya, ita ta zama mai ba ɗiyan wanta magani."

"Ba mu ce ta sani ba."

"Ku ba ku ce ba. Kasuwa za ta ce."

Alhaji ya ce ba a yi masa ciniki a zaurensa. Ko wanka, ko a aje riga. Gola ya zaro rigar daga cikin jakarsa, a ninke, ya aje gaban Tela.

"Ga rigarka, Tela. Na wanke ta, ita ba ta ƙi wanka ba."

Ya sa takalmansa a bakin zaure ya tafi. Kafin mako ya zagayo ya bar aikin audugar ya koma Rawayya.

A teburin mai shayi aka yi ta yanka magana. Masu cewa an saye shi suka ce ai ga shi nan, ya ƙi wanka don ya san abin da ya ci. Masu cewa ba a saye shi ba ma ba su wanke shi duka ba, sai suka ce taurin kai ne ya ja mana. Ni kuwa zargina ya fi karkata ga mai agogo. Ina ganin sukarin nan sukari ne kawai. Mutumin ya san dokarmu, ya san halin Gola, ya san abin da zai faru a zukatanmu idan muka ga ludayi a bakinsa, don haka bai bukaci malami ba. Amma wannan ma zato ne. Ban taɓa ganin mutumin ba, kuma akwai wanda ya rantse mini cewa ba ɗan Tsafe ba ne, daga Gusau aka tura shi, daga wajen masu son a raba Gola da raga tun ranar da ya ɗaga hannu. Na kasa ƙaryata shi.

Bayan damina muka ji Gola yana tsare wa Bungudu raga, ƙungiyar malaman makaranta da manoma da ba ta da ko mota. Da aka haɗa mu wasa da su, Sabon Gari ta kwashe zuwa Bungudu. Wanda bai samu mota ba ya hau keke. Kowa ya ce ya zo ne ya ga yadda za a ci maci amana.

Al'adarmu ce mu taru bayan ragar abokan gaba mu yi ta zagin golansu har ya rikice. Muka taru kamar kullum. Ya waiwayo ya dube mu, ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku da zuwa." Sai aka rasa mai farawa. Can Tela ya yi ƙarfin hali.

"Gola! Yau mi ka sha?"

"Hura, Tela. Kai har yanzu ruwan garwa?"

"Da sukari ko babu?"

"Da sukari. Ka zo in an tashi, na rage maka."

Aka fashe da dariya, zagin ya mutu a nan. Da aka ba mu bugun fenariti, kyaftin ɗinmu ya buga ta kusurwa da ƙarfi, Gola ya miƙe kamar an ja shi da igiya ya ture ta waje. Ban san wanda ya fara tafi ba. Na dai ga hannayen mutanen Sabon Gari suna tafa wa wanda ya hana su ci, wasu na yi suna waige-waige kada yaran Alhaji su gan su. An kuwa gan su. Aka tashi canjaras.

Daga baya na zauna a Kumasi, na ga yadda suke ɗaukar ɗan wasan da ya yi wa shugabanni tsaye a kafaɗa su zagaya gari da shi. A Omdurman na ga ana rubuta wa irinsa dogayen sharhi a jarida, dattawa na karantawa a wurin shan shayi. A Abidjan waƙa suke yi masa. Ban ga inda ake yi kamar mu ba, a tafa wa mutum ana waiwaye, a yaba masa a kuma ci gaba da tambayar wa ya tsaya masa. Amma ban ce tasu ta fi tamu ba. Na ga waɗanda aka ɗauka a kafaɗa an jefar da su kafin shekara. Mu ba mu ɗauki Gola ba, amma har yau da na tsufa, idan tsofaffin Sabon Gari suka haɗu, ba a rasa mai kawo zancensa.

Sabon golan da Alhaji ya kawo yaron kirki ne, yana yin wanka da duk abin da aka ba shi, ƙwallo kuma na wuce shi ta ko'ina. Mutane suka fara gunaguni a fili. Da abin ya yi yawa, Alhaji ya ce shi bai hana kowa zuwa Rawayya ba, amma ba shi ya aika ba. Aka tura ni da Tela.

Muka same shi a gona yana ɗaurin dawa. Ya kai mu inuwa, aka gaisa. Tela ya yi dogon bayani, ya ce an janye maganar wanka, an janye rantsuwa, ya zo kawai ya ɗauki rigarsa.

Gola ya ce, "Kun je kasuwar Tsahe kwanan nan?"

Muka ce a'a.

Sai ya ba mu labarin da ba mu sani ba. Samarin Tsafe sun yi ta alfahari cewa da ludayi guda suka gama da golan Gusau, don a riƙa jin tsoronsu. Mutanenmu masu zuwa cin kasuwa su ma suka yi ta nuna tsohuwar da baki. Yanzu mai sayen fura yakan zo layin masu nono, ya tsallake ƙwaryarta ya saya a ta gaba. Takan koma ruga da nononta ya yi tsami. Matan rugar ma sun fara janye 'ya'yansu daga ɗakinta.

"Ban yi wanka ba, amma kasuwa ta ce," in ji shi. "To ga abin da nika so. Ba ni son a ba ni haƙuri. Alhaji shi tai Tsahe ran kasuwa, shi zauna gaban gwaggona, shi sha hurarta mutane na gani. Ran da ya sha, washegari ina raga."

Da muka kai wa Alhaji saƙon, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wa ya kitsa mashi wannan?" Muka ce babu kowa. Ya ce ƙarya ne, Bafulatanin daji ba zai yi wannan tunani shi kaɗai ba. So ake a zaunar da shi a ƙasa a tsakiyar kasuwar Tsafe a yi masa dariya, ko ma a ba shi abin da aka ba Gola. Ya dube ni ya ce ya lura ina yawan shiga rugage. Ya dubi Tela ya ce an gaya masa wanda ya fara tafi a Bungudu. Muka fito kowa na zargin ɗan'uwansa da kai rahoto.

Ranar kasuwar da ta biyo, wasu daga cikinmu muka shiga motar haya muka tafi Tsafe. Ba mu da yawa, kuma ba shiri aka yi ba, a tasha muka tarar da juna, kowa na cewa wata bukata ce ta kai shi. Muka sami tsohuwar a ƙarshen layi, ita kaɗai, ƙwaryarta cike. Na gaishe ta da Fillanci na ce mu abokan ɗan wanta ne, ƙishirwa muke ji. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Tela. Ta gane shi.

"Wannan ne mai ihu," in ji ta.

Na fassara masa. Ya ce in gaya mata ya daina. Ta dama, muka tsuguna a nan cikin mutane. Tela ya karɓi ludayi, ya dube shi, ya dube ni.

"Tambaye ta ko akwai sukari."

"Sha, Tela."

Ya motsa baki yana addu'arsu, ya rufe ido ya kurɓa. Ya jira kamar mai sauraron wani abu a cikinsa. Sannan ya ce a ƙaro. Mahauta da masu goro suka taru suna kallon mutanen Gusau na shan fura a Tsafe, wani ya ce lalle duniya ta zo ƙarshe. Muka yi ta komawa duk ranar kasuwa na ɗan lokaci, har masu saye suka fara dawo mata, ko da yake ba duka ba.

Gola ya aiko mana da godiya da ƙwaryar man shanu. Muka aika a tambaye shi ko yanzu zai dawo. Ya ce ya gode, amma Alhaji ya ambata a sharaɗinsa, kuma Alhaji bai je ba.

Alhaji bai taɓa zuwa ba, Gola kuma bai sake tsaya wa Gusau a raga ba. Ya buga wa Bungudu har gwiwarsa ta gaji, ya koma noma da kiwo. 'Yan wasa sun ci gaba da haura zana da shan ruwan garwa na wasu shekaru, amma sai da aka nemi wani mai gadin, don Tela ya ce ya bar aikin. Mu magoya baya kuwa, daga wannan shekara dokar fita ta sauka daga kanmu. Duk garin da muka je wasa, mukan shiga ta ƙofa, mu ci abincinsu mu sha ruwansu, kuma babu wanda ya sake iya hana mu.